Gumbar Goggo Mai Kayar da Maza

Ana cewa babu abin da ba a sayarwa a garin nan na Dubai, amma ni kwana huɗu na yi ina neman turmi ban samu ba. Gero ban sha wahalarsa ba. Akwai wani Ba'indiye a bayan gidanmu nan unguwar Al Karama da yake sayar da shi a leda, surfaffe, babu ko tsakuwa ɗaya, har tsabtar tasa ta ba ni haushi. Sukari da citta da kanumfari duk suna nan. Turmi ne babu. Duk shagon da na shiga na kwatanta da hannu, sai a ɗauko mini wani ɗan abu na dutse wanda ko tafarnuwa uku ba zai ɗauka ba. Wani ya nuna mini injin markaɗe ya ce, "Mama, wannan, minti ɗaya khalas," wato an gama. Na dube shi kawai na fito. Gumba nake so in daka ta sadakar bakwai, kuma wadda ta rasu ba macen da za a danna wa maɓalli a ce khalas ba ce. An riga an yi mata haka tun tana da ranta, har da hannuna a ciki.

Ni ba tsohuwa ba ce. 'Yata ɗaya, Ummi, yanzu ma take famfarar haƙoran gaba. Amma tun da labarin rasuwar nan ya shigo wayata nake jin kamar na shekara sittin, domin gidan da na tashi a ciki babu shi, mutanen da suka cika shi sun watse, kuma sautin da nake farkawa da shi babu inda zan ƙara jin sa. A nan ƙugin na'urar sanyaya ɗaki ne yake kwana da mu ya tashi da mu. A can turmi ne. Kafin rana ta taɓa saman katanga za ka ji shi, dum, dum, daga gidanmu, sai na maƙwabta ya amsa, sai na bayan layi, har unguwar ta zama kamar mata suna gaisawa ba da baki ba. Kuma ko idona a rufe na san dakan kowa. Na Mama gajere ne mai sauri, na mai son ta gama ta huta. Na Goggo kuwa mai nauyi ne, a tsakani sai ka ji shiru da tafi biyu, wato ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe.

Goggo ƙanwar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gida tana sayar da ɗanwake a ƙofar zaure. Doguwa ce, baƙa, damtsenta kamar an murɗa igiya. Buhun da maza biyu suke kamawa suna nishi ita kaɗai take rungumarsa ta shiga da shi. Kaka tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale sai ta ɗaga kai ta ce, "Ƙarfin gidan nan kaf a jikin mace ɗaya aka juye shi, sauran kuwa sai baki." Baba ya yi kamar bai ji ba. Ita ce ta yaye ni, a ɗakinta nake kwana, ita take yi mini kitso ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta yadda ko motsi ba na iyawa. Ƙanshin jikinta man gyaɗa ne da kanwa da hayaƙi. Yanzu Ummi ƙanshin sabulun kanti take ji a jikina, ban san abin da za ta tuna da shi ba.

Akwai abin da matan unguwarmu suke yi wanda maza ba su sani ba, ko kuma sun sani suka ɗauke kai. Ranar da aka gama suna ko biki, aka wanke tukwane, maza suka tafi kasuwa, sai a saka wa ƙofar zaure sakata. A share tsakar gida, a baje yashin da ya rage na gini, 'yan mata da ƙananan matan aure su ɗaure zani tamau su sha ɗamara da ɗankwali, a yi kokawa. Tsofaffi ne alƙalai. Ana guɗa a hankali, ana toshe baki da mayafi saboda kar dariya ta tsallake katanga. Ban taɓa ganin bayan Goggo ya taɓa yashin nan ba. Kuma tana da wata al'ada da ba ta canzawa. Sai ta sunkuya ta murza yashi a tafin hannu, ta bugi cinyarta ta dama sau biyu, ta karkatar da kai gefe kamar mai sauraron kira daga nesa. Daga nan ba ka ganin komai sai ƙafafun mutum a sama. Amma kafin a kai ƙasa hannunta ya riga ya shiga ƙarƙashin ƙeya. Ba ta taɓa barin kan kowa ya bugu ba. In 'yan mata suka fara yi wa wadda ta faɗi ihu sai ta ce, "Ku yi mata shiru. Na kayar da ita ne, ban ce ku wulaƙanta ta ba."

Sai aka kawo bidiyo gidanmu. Samarin gida suka riƙa hayo kaset na kokawar Turawa, wadda suke kira resilin. A ciki har da mata, masu farin gashi da kaya masu ƙyalli, suna hawa igiya suna dirowa a kan juna. Goggo ba ta zama ta kalla, a tsaye take da ludayi a hannu. "Ƙarya ne," in ji ta, "ita ta ba ta jikinta. Ku dubi ƙafarta, ta yi tsalle tun kafin a ɗaga ta." Samari su ce, "Goggo, ki bar mu mu yi kallo mana." Ta ce, "Ku kalla, ni ma ƙaryar nake kallo." Amma akwai wata doguwa baƙar fata da in ta fito Goggo take ajiye ludayi. "Wannan kam ta sha nono ta ƙoshi. Da za a kawo mini ita tsakar gidan nan da na san na yi kokawa." Wata rana ta daɗe tana kallon taron da yake tafa wa matar nan, sai na ji ta tambaya a hankali, ba kowa take tambaya ba: "Ko 'yan'uwanta suna cikin masu tafin nan?" Ban gane tambayar ba a lokacin.

Bayan haka finafinan Hausa suka shigo, kowane gida ya kamu. Abin da ya faru daga baya aka ba ni labarinsa. Wasu masu shirya fim sun zo ɗauka a layin bayanmu, suka riƙa zuwa cin ɗanwake wurin Goggo. Suna da wani wuri a labarin inda wani ɗan iska zai fizge farantin mai talla, wata mata ta kama shi ta yi ƙasa da shi. 'Yar wasan da suka zo da ita ta gwada ta gwada ta kasa, mutumin ne ma yake faɗuwa da kansa kamar buhun da aka jingine. Goggo ta leƙa ta gani, dariya ta ƙwace mata. Mai ba da umarni ya ce, "Goggo, dariya kike, ke za ki iya?" Ta ce in za a rufe mata fuska. Suka lulluɓe ta da mayafi har haɓa, ido kawai a waje. Sau ɗaya aka ɗauka. Ta wanke hannu ta koma kan tukunyarta, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Sallah ƙarama ce, bayan la'asar. An fito da talabijin tsakar gida an ɗora a kan turmin da aka kifa, an tayar da janareto, aka sa kaset ɗin fim ɗin nan. Gida cike, har da abokan Baba uku da suke sahu ɗaya a masallaci, an shimfiɗa musu darduma a gaba. Ni ina can gefe da lalle a hannu da sabon takalmi mai cizo. Aka zo wurin. Matar nan mai lulluɓi ta ɗaga ƙato ta shimfiɗa shi a ƙasa, gida ya ɗauki ihu. Baba ya fi kowa dariya, har hularsa ta faɗi. "Kai, mayar da shi baya! Mayar da shi mu ƙara gani!" Aka mayar. Ya ce a ƙara. A karo na uku ne na lura. Matar ta sunkuya ta murza ƙasa a tafinta. Ta bugi cinya sau biyu. Ta karkatar da kai. Da mutumin zai kai ƙasa na ga hannu ya shiga ƙarƙashin ƙeyarsa. Wallahi ba don sharri na yi ba, daɗi ne ya cika mini ciki har na kasa riƙe shi. Na yi tsalle na ce, "Goggo ce! Wallahi Goggo ce! Ku dubi hannunta!"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Janareto kaɗai yake magana. Goggo tana tsaye a ƙofar madafa da farantin waina. Ɗaya daga cikin abokan Baba ya gyara zama ya ce, "Ashe Malam gidan naka har da 'yan fim?" Da murmushi ya faɗa. Har gobe in na tuna murmushin nan sai in ji kamar in fasa wani abu.

Baba ya dubi Goggo ya ce, "Ke ce?"

Ta ce, "Ni ce, Yaya."

"A gaban maza? Kika kama namijin da ba muharraminki ba, duniya tana kallo?"

Ta ajiye farantin a hankali ta ce, "Yanzu ka gama dariya, Yaya. Sau biyu ka ce a mayar."

Mama ta kai mini mari a baki, leɓena ya fashe a kan haƙori. Baba ya zare kaset ɗin ya taka shi, ya riƙa jan zarensa yana watsarwa. Zaren nan baƙi ya maƙale a reshen dalbejiyar gidanmu, ya yi wata da watanni iska tana kaɗa shi yana ƙyalli, babu wanda ya cire. Washegari Goggo ta ɗaure kayanta. Na ɓuya a ƙarƙashin gado, ta kamo ƙafata ta jawo ni kamar 'yar akuya. Ta duba leɓena, ta shafa masa man kaɗanya, ta ce, "Ke, dube ni. Ba ke kika kore ni ba, kin ji? Idonki yana gani, shi ke nan laifinki." Ta ɗauki tukunyar ɗanwakenta a ka ta fita. Kaka kuwa daga ranar ba ta ƙara sa ɗanwake a baki ba har ta koma ga Allah. Kokawar mata ma daga nan ta mutu. Aka kwashe yashin aka yi daɓe da siminti.

Tunda an kore ta saboda fim, sai ta shiga fim ɗin da fuska a buɗe. 'Yan fim suka ba ta wani suna, da shi duniya ta san ta. Ta fito a mai sayar da yaji, ta fito a masifaffiyar uwa, ta fito a matar da take korar ɓarayi da taɓarya. A gidanmu an hana kallonta, amma ina jin muryarta tana tsallako katanga daga gidan maƙwabta, su suna dariya ni ina wanke-wanke. Haka na girma. Da na samu wanda nake so, ɗan wani gari ne mai harkar kago, wato jigilar kaya ƙasa zuwa ƙasa, danginsa suka aiko bincike. Mama ta ja ni ɗaki ta ce, "In an tambayi ƙanwar babanki, ta rasu. Kin ji ko? Bakin nan naki ya taɓa rusa gida, kar ya rusa naki." Shi da kansa ya tambaye ni wata rana muna zance, "Baba ba shi da 'yar'uwa mace?" Na ce, "Ya yi ɗaya, ta rasu tun ina ƙarama." Ya ce Allah ya jiƙanta. Na ce amin. Na ce amin, alhali a ranar tana can da ranta tana neman abin da za ta ci.

Da na haihu na roƙe shi ya sa wa yarinya sunan goggona marigayiya. Ya ji daɗi ma, ya ce haka ake so mutum ya riƙa tuna nasa. Shi ya sa muke kiranta Ummi, don ba zan iya kama sunan da bakina ba. Bayan mun dawo Dubai ban san wa ya ba Goggo lambata ba, sai ga saƙon murya. Na shiga banɗaki na saki famfo na kara wayar a kunne. Muryar ta tsufa, tana haki. "An ce kin yi mini takwara. Allah ya raya ta. In ta yi ƙarfi kar ki hana ta." Na saurara sau biyu, na goge. Ban amsa ba. Tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗar irin tsoron. A ƙasar nan zamana a hannun mijina yake, bizata a kan tasa take. In ya ce na yaudare shi, ya ce khalas, jirgi ne zai mayar da ni, kuma babu tabbas yarinyar za ta biyo ni. Kullum da wannan nake kwana. In ya daɗe yana duba waya gabana ya faɗi. In yayarsa ta kira shi su yi magana a hankali gabana ya faɗi.

Sai ranar Asabar ɗin nan na buɗe waya na ga fuskarta ko'ina. Wani ya tono wancan wurin na farko, mai lulluɓi, shi ake ta turawa. Ku zo ku ga yabo. Gwarzuwa. Uwa. Ba za a ƙara yin irinta ba. Yayyena maza, waɗanda suka tsaya suna kallo ta fita da tukunya a ka, duk sun sa hotonta da alamar hawaye. Ina kuke lokacin da ƙafarta ta kumbura ta daina fita? Wa ya kai mata ko ƙwayar magani? Wa ya ce mata zo ki yi Sallah a gidan ubanki? Kun sha dariya a jikinta shekara da shekaru kamar masu shan rake, kuka tofar. Yanzu da ba za ta iya shigowa zaurenku ta ba ku kunya ba, kowa ya zama ɗanta. Kuma abin da ya fi ci mini rai a garin nan nake ganinsa. In na hau jirgin ƙasa ina ganin hoton matan resilin a jikin bene, tsawon mace ɗaya ya kai hawa biyar. Mazanmu 'yan kasuwa na unguwar Al Sabkha suna rufe shago su tafi kallonsu, su dawo suna nuna hotuna. In 'yar fim ta zo sayayya daga gida, rububin ɗaukar hoto da ita suke, wannan ya riƙe mata jaka, wancan ya kawo mata shayi. Tana juya baya su ce Allah ya shirya. A kalla ana so, a haɗa jini ne ba a so.

To ni ma da nake wannan faɗan, me na fi su da shi? Su hoto suka sa, ni ko kuka a ɓoye na yi shi, fuska a cikin tawul. Sadakar uku ta wuce ban yi komai ba. Shi ne na ce ta bakwai ba za ta wuce ba ko me zai faru. A gidanmu in an yi rasuwa Goggo ce take dakan gumba, tun daga kan kakanmu har jariran da ba su yi kwana arba'in ba. Ba ta yarda a kai inji. Takan ce mamaci ya gama wahalarsa, mai rai ya ɗan yi gumi dominsa. Wadda ta daka wa kowa, a ce babu mai daka mata?

Turmi ɗaya na sani a duk Dubai, yana unguwar Al Khabaisi a gidan Hajiya, yayar mijina. Ita ta sa aka sako mata shi a kwantena, kuma duk matan Hausawa wurinta suke aro. Sai dai ba a ɗaukar turmin Hajiya sai an faɗi dalili, suna ne ko rasuwa, don ita ce take sanar da sauran mata. Ranar Juma'a muka je cin abinci kamar kullum. Na shirya ƙaryata tun a mota, zan ce fura nake sha'awa. Muna gama cin abinci 'yarta ta haɗa waya da babbar talabijin ta ce, "Kawu, ka ga wannan? Tsohuwar nan da ta rasu." Sai ga Goggo cikin lulluɓi, ta cika bango.

Mijina ya tuntsire da dariya har yana dukan kujera. "Kai! Mayar da shi baya, don Allah mayar!"

Hajiya tana ɓare lemo ta ce, "Allah ya jiƙanta, ta ba mu nishaɗi. Amma dai 'yan fim sai addu'a. Wa ya sani ma ko tana da dangi."

Ummi tana zaune a kan kafet ta ƙura wa bangon ido. A gida in mun gaji da zaman ɗaki nakan jawo katifa ƙasa mu yi kokawa ni da ita, ban taɓa tunanin akwai abin da nake nunawa ba. Sai ta miƙe tsaye tana nuni. "Mama, irin taki ce! Abba, wallahi haka Mama take yi in za ta kayar da ni. Ta buga nan sau biyu, ta sa hannu a bayan kaina!"

Shirun nan ya dawo, shi ɗin dai, sai dai yanzu na'urar sanyi ce take ƙugi a madadin janareto. Hannuna ya tashi da kansa. Na gan shi a sama, ya nufi bakin yarinyar da babu haƙoran gaba, tana kallona tana murna. Hannun Mama na gani. Ban san yadda aka yi ba, na sauke shi a kanta na jawo ta jikina.

Na ce, "Goggona ce. Ƙanwar babana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta yaye ni. Sunanta ne a kan yarinyar nan."

Mijina ya ce, "Wace goggon? Ba kin ce ta rasu ba?"

"Ta rasu. Ranar Asabar."

"Kin ce tun kina ƙarama."

"Na faɗa."

Hajiya ta ajiye wuƙa. "Yanzu ke sunan 'yar fim kika sa aka raɗa wa jininmu, muna zaune muna cin naman suna?"

Bakin ya riga ya buɗe. Na ce, "Hajiya, ke babba ce, ki gaya mini gaskiya don Allah. Da na ce tana raye tana fim, da kin kai lefe gidanmu?"

Abu ɗaya zan yaba mata, ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Da ban kai ba."

Na ce, "To. Ni na yi ƙaryar, amma ban yi ta ni kaɗai ba. Yanzu kika tambaya ko tana da dangi. Ga su nan biyu a kan kafet ɗinki. Turmi na zo aro, gobe bakwai."

Babu wanda ya ce in ɗauka, babu wanda ya ce kar in ɗauka. Na shiga madafa na rungumo shi, nauyinsa ya kusa kayar da ni. A bakin lifta mijina ya karɓa ba tare da ya dube ni ba, ya sa a bayan mota. Ya ja mota muka kama hanyar gida. Ni kuwa na riƙe hannun Ummi ina kallon titi, ina lissafin abin da zan sa a akwati da abin da zan bari, ina tunanin ko za su bar ni in yi mata kitso na ƙarshe.

Da safe na jiƙa gero na tsane shi. Na ninka bargo biyu na ɗora turmin a tsakiyar falo, a hawa na bakwai. Mijina yana zaune da shayinsa ya yi sanyi a gabansa, bai tafi shago ba. Na yi bismilla na sauke taɓarya. Dum. Gilashin taga ya amsa. Rabona da daka tun ina budurwa, tafina ya fara zafi tun kafin geron ya karye, amma kowane bugu sai na ji wani abu yana sauka daga ƙirjina. Na daka wa Baba da abokansa. Na daka wa mai murmushin nan. Na daka wa saƙon da na goge. Ba a jima ba aka fara buga ƙofa, maƙwabcinmu na ƙasa ne yana faɗa da yarensa. Na tsaya da taɓarya a hannu. Mijina ya tashi ya buɗe. Na ji yana haɗa Larabcinsa na kasuwa da hannu da ka, yana cewa, "Shwaiya, shwaiya, habibi. An yi mana rasuwa," wato ya ɗan yi mana haƙuri. Ya rufe ƙofa ya juyo ya ce, "Me kika tsaya yi? Ba a barin gumba ta sha iska." Sannan ya ƙara da cewa, "Maganarmu tana nan, ba ta wuce ba." Na ce na sani.

Ba ta wuce ba kuwa. Hajiya ba ta kira ni ba har yau, ba ta sanar da mata ba, kuma shi ma akwai kallon da yake yi mini wanda da ba ya yi. Ni ma ban huce ba, kar wani ya ce na huce. Amma na cura gumba na zuba a faranti, na riƙe hannun Ummi muka bi ƙofa ƙofa, daga mai gadi har wanda ya zo faɗa. Duk wanda ya karɓa na faɗa masa sunanta na yanka da sunan ubanta, wanda shi ne sunan kakana, ko ya gane ko bai gane ba.

Kafin in juye turmin ƙarshe Ummi ta ce, "Mama, ita ma haka take daka?" Na ce a'a, ita cilla taɓarya take sama ta tafa sau biyu ta cafe. Ta ce in nuna mata. Na manta ba a tsakar gidanmu nake ba, inda babu komai a sama sai reshen dalbejiya. Na cilla da ƙarfina. Taɓarya ta daki silin, farin fenti ya zubo mana a ka, na cafe ta da ƙyar. Tabon yana nan daidai tsakiyar falo, faɗinsa kamar tafin hannu. Mijina ya ce zai kira mai gyara kafin mai gidan haya ya gani. Na ce ya bari tukuna.